Inna Ɗelu, Mai Zaman Azahar a Ɗakin Sujada

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuni na 1977, kwana biyu bayan idin Jikin Almasihu, Allah da ya ba mu aron Inna Sesiliya Ɗelu ta Madarumfa ya karɓi abinsa. Ta cika da hantsi a kan amalanken jaki, ana ƙoƙarin kai ta bakin hanya a samo motar Maradi, kanta bisa cinyar ɗiyarta Balaraba. Ba wanda ya taɓa rubuta shekarunta. Ita dai takan ce tana budurwa shekarar da fara ta cinye gero, masu lissafi kuwa suka ce ta haura sittin. Da la'asar ɗin ranar aka kai ta makwancinta, kusa da mijinta.

Ina cikin aji a lakwal ɗin Safo, makarantar bokon da nake koyarwa, alli a hannuna, na hango Garba masunci, maƙwabcinta, yana jingine keke a jikin dogonyaro. Ya zo ya tsaya bakin taga, gumi ya jiƙa masa riga, ya kasa yin sallama. Da na fito sai ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, sai haƙuri. Inna ta riga mu."

Yau kwana tara ke nan, Inna, ban zauna wuri guda na ji daɗin zama ba. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fito kuma in rasa abin da ya fito da ni. Sau uku ina ɗaukar wannan takarda ina ajiyewa. Ƴan'uwa sun ce ni zan rubuta abin da za a karanta a kanki, tun da ni ne mai boko a cikinmu, kuma shekara goma sha uku na yi a gidanki. Duk sun san abin da ya shiga tsakanina da ke a ƙarshe, amma ba wanda ya ɗaga maganar. Ni zan ɗaga ta da kaina. Sai dai bari in fara da ke tukuna.

Na sauka Madarumfa a watan Oktoba na 1962, daga Dogondutsi, sabon malami, da akwatin ƙarfe guda da takardar kama aiki. Na tambayi ƴan tasha ko akwai Kirista a garin, suka ce in nemi gidan matar soja, mai suyar kifi. Mijinki Ɗan Baba tsohon soja ne. Can wurin aikin soja aka yi masa baftisma, ya dawo ya auro ki daga wajen Gabi, kika bi shi cikin addininsa, ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Na tarar da ke gaban kasko, hayaƙi ya sa idonki ya yi ja. Kika dube ni, kika dubi ƙaramin gicciyen da ke wuyana. Ba ki tambayi sunana ba, ba ki tambayi garinmu ba. Kika ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Kika turo mini akushi, kika bari sai da na kai loma ta uku, sannan kika ce, "To, wace sa'a za ka ɗauka?"

Ban gane tambayar ba a ranar. Saboda maƙwabtanmu Musulmi da za su saurari wannan takarda, ya kamata in bayyana. Mu Katolika mun ba da gaskiya cewa gurasar da limami ya tsarkake a wurin hadaya ta tashi daga zama gurasa, ta zama Jikin Yesu Almasihu, shi da kansa yana tare da mu. A wasu wurare akan ajiye ta cikin ɗakin addu'a, mutane su riƙa yin karɓa-karɓa suna zama a gabanta, dare da rana, ba yankewa. Wanda ke ciki ba ya tashi sai wani ya shigo. Shi ne muke kira zaman sujada. Madarumfa ba mu da limami. Momper Lusiyen, limaminmu bature da ke zaune a Maradi, sau ɗaya a wata yake zuwa mana. Ke ce kika matsa masa, ke da ma'aikatan nan ƴan Dahome da ke aiki a duwan, wato kwastan, da lakwal da wurin awon gyaɗa, har ya nemo izini daga manyansa a Yamai ya bar mana Jikin Almasihu a garin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da aka bar ɗakin ba kowa, zai zo ya mayar da shi Maradi.

Kusurwar gidanki kika bayar aka gina ɗakin. Ginin ƙasa ne, ƙofa ɗaya, taga ɗaya wadda ba ta fi faifai ba, tabarma uku, ɗan akwatin katako a kan tebur, da fitilar man gyaɗa mai jan gilashi. Mu talatin da huɗu ne a lokacin. Maza suka raba dare tsakaninsu, mata suka raba safiya da yamma. Daga azahar zuwa la'asar, lokacin da ɗakin ke zama kamar tanderu, ba wanda ya so. Kika ce naki ne. Ba ki iya duba agogo ba, ba ki kuwa damu da koyo ba. In ladanin masallacin unguwa ya kira azahar, ki sauke kasko, ki wanke hannu da fuska, ki sake kallabi, ki shiga. In ya kira la'asar, ki fara duban ƙofa. Kin taɓa ce wa ladanin, in ya makara shi zai ɗauki alhakin mutum biyu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ba mai iya zama ba ne, tun ina yaro. Zamana na farko azarar rufin ɗakin na ƙirga, na sake ƙirgawa, na yi ta muskutawa kamar mai zaune kan ƙaya. Da na fito na gaya miki gaskiya, ina jiran faɗa. Kika ce, "Ƙirga abinka. Shi ma ya san arba'in da ɗaya ne." Na tambaye ki ke me kike faɗa a ciki, sa'a uku cur, ga shi ba ki karanta littafi. Kika ce, "Da fari ƙara nike kaiwa. In kai ƙarar mutane, in kai ƙarar ƙafata, in kai ƙarar masu sayen kifi. In ƙarar ta ƙare sai mu zauna."

Ƙarshen 1963 da farkon 1964 aka sallami ma'aikatan Dahome daga ƙasar nan. Cikin mako biyu muka tashi daga talatin da huɗu muka koma goma sha ɗaya, biyu daga ciki tsofaffi ne da sai an riƙe su. Na tuna yadda kika tsaya a tasha kina cusa wa matansu soyayyen kifi cikin ƙullin kaya, kina yi musu faɗa kada su yi kuka gaban yara, ke kuma naki hawayen na zuba. Bayan kwana uku Momper Lusiyen ya iso cikin ƙaramar motarsa, da ɗan gwangwanin azurfa da ake ɗaukar Jikin Almasihu a ciki. Ya tarar da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin, kin miƙe ƙafa kin tare hanya.

Ya ce, "Inna, ku goma sha ɗaya ne. Yini da kwana sa'a ashirin da huɗu ne. Ga noma, ga kasuwa, ga ciwo. Ba zai yiwu ba."

Kika ce, "Momper, ka tambaye mu?"

Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa.

Kika ce, "Baƙo ya sauka gidana, ban ce na gaji ba, wa zai zo ya ɗauke shi? Ka ba mu lokaci zuwa idin Tashi daga Matattu. Zo duk ranar da ka ga dama, kada ka aiko. In ka iske ɗakin ba kowa, ni da kaina zan riƙe maka ƙofar mota."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni na sunkuyar da kai, don a raina na san da gaskiyarsa. Ya mayar da gwangwanin cikin jaka. Sau uku ya zo ba sanarwa kafin idin, sau ɗaya ma ranar kasuwa da tsakar rana, kuma duk ukun ya tarar da mutum a ciki. Daga nan bai ƙara zuwa da gwangwanin ba.

Mutanen gari da yawa ba su san ki da wannan ba. Ungozoma suka san ki. Ban san yawan ƴaƴan da suka faɗo a hannunki ba, na dai san babu lungun da za ki bi ba a ce miki Inna ba. Ba ki taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba, kuma ba wadda ta taɓa ƙin hannunki saboda naki. Ranar suna kowa ya san ƙwaryar da ake zuba miki kason ungozoma. In kin ga gidan ba hali, ki ce ba ki cin naman rago kwanan nan, a bar wa mai jego.

Akwai rana ɗaya da ba zan manta ba, cikin watan Agusta na 1969. Ni ke karɓarki da la'asar a ranar. Tun safe ake ruwa, hanyar Maradi ta yanke, duk wani mai ƙarfi yana gona ko ya maƙale a bukka. Na iso ina tsalle-tsallen kwata, sai na ga Garba zaune a bakin ƙofar ɗakin daga waje, ya lulluɓa da buhu, ruwan indararo na zuba masa a kafaɗa. Na leƙa ciki. Fitila na ci, tabarmarki a shimfiɗe, ba ki nan.

Garba ya ba ni labari. Matarsa Maimuna ce naƙuda ta zo wa da gardama, ɗa ya kwanta a gicciye, matan gidan sun yi iya yinsu sun kasa. Ya rugo wurinki bayan azahar kaɗan. Ya ce kin miƙe, kin zo bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, kika tsaya kina duban akwatin kina dubansa. Ba wani daga cikinmu kusa da za a kira. Sai kika ce, "Garba, zauna nan. Ba sai ka shiga ba. Kada fitila ta mutu, kada akuya ta shiga." Kika ɗage zane kika faɗa cikin ruwa da gudu.

Na ce masa ya tashi ya tafi gida, na zo. Ya ce, "Mushe, ni ban shiga ba, ban kuwa yi abin da kuke yi ba. Amana aka ba ni. Shiga ka zauna tukuna in ga ka zauna." Sai da na shiga na durƙusa, sannan na ji ya miƙe. Ashe ko sallarsa nan waje ya yi ta, a gefen ƙofa, cikin taɓo. Mutumin da matarsa ke tsakanin rai da mutuwa, bai san ko za ta tashi ba, ya zauna sa'a uku yana tsaron ɗakin da ba na addininsa ba, don ke kika ce. Kafin magariba Maimuna ta sauka lafiya, aka samu Barira.

Kowa ya yi murna ban da ke. Da ruwa ya janye kika taka da ƙafa har Maradi don ki faɗa wa Momper da bakinki cewa an bar ɗakin, kuma ke kika bar shi. Na raka ki. Ya saurare ki har ƙarshe, ya ce babu laifi ko kaɗan, Almasihun da kika bari a ɗakin shi kika je kika tarar a ɗakin Maimuna. Kika ce, "Wannan na sani, Momper. Da za a sake, da na sake fita. Abin da ke damuna, fita na yi ban ce masa komi ba. Ko sai na dawo ban ce ba." A hanyarmu ta komowa sau biyu kina maimaita wannan magana.

Ba zan ce ba ki da zafi ba, don masu sauraro za su ce ƙarya nake. Wanda ya makara da karɓar zama ya san bakinki. Ba ki ɗaga murya, amma kalma biyu za ki faɗa mutum ya yini yana jin su. Akwai gidan da suka daina zuwa gaba ɗaya saboda maganar da kika gaya wa maigidan gaban matarsa. Kin je kin ba shi haƙuri daga baya, har sau biyu, bai dawo ba. Sa'o'insa kika ƙara a kan naki, ba ki sake ambaton sunansa ba sai cikin addu'a.

Sai fari ya zo. Shekarun 1973 da 1974 ba sai na tuna wa kowa ba. Tabkin Madarumfa ya ja baya har yara na wasa a inda dā ake jefa taru. Kifi ya yi wuya, kaskonki ya kife. Mutane suka gangaro daga arewa suka zube a bakin gari, da yara masu manyan ciki da tsofaffin da ba su iya tashi. Mazanmu suka tsallaka Najeriya neman abinci, muka koma mu bakwai. Tun asuba kike dama kunun jar dawar taimako a babbar tukunya, ki ɗauka a ka zuwa wurin baƙin nan, ki dawo da azahar ƙafarki fari fat da ƙura, ki shiga ɗaki. Gyaɗa ba ta yi ba, mai ya ɓace a kasuwa. Wata rana na lura miyarki ba ɗigon mai, fitila kuwa ba ta taɓa mutuwa ba. Na yi miki magana. Kika ce mai yana tayar miki da zuciya kwanan nan. Na san ba haka ba ne, amma na ci gaba da cin tawa miyar.

A shekarar ne mijin Balaraba ya samu aiki a Jibiya, ya ce zai tafi da iyalinsa har da ke. Balaraba ta durƙusa gabanki tana kuka, ta ce, "Inna, ni kaɗai gare ki. In wani abu ya same ki ina can, da wane ido zan dubi mutane?" Kika share mata hawaye da bakin zanenki, kika ce ta tashi ta bi mijinta, Jibiya ba Makka ba ce, yini ɗaya ake zuwa. Kika ce, "In na tafi, saura shida. Shida ba su iyawa." Ta tafi da ɓacin rai, ta yi wata biyar ba ta aiko ko gaisuwa ba. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, amma duk motar da ta tsaya a tasha daga wajen iyaka sai kin sami dalilin wucewa ta wurin.

A 1975 aka mayar da ni Safo. Na riƙe zamana na ranar Alhamis, da yake ba lakwal, sa'a huɗu daga hantsi zuwa azahar, in zo a keke in koma da yamma. Haka muke har watan Fabrairu na bana. Ran nan taya ta fashe mini a hanya, na turo keke da ƙafa, ban iso ba sai da rana ta kusa tsaka. Na tarar ke ce a ciki, tun safe, don wadda ya kamata ta jira ni jikanta ba lafiya. Kika fito kina dafa bango. Ƙafafunki sun kumbura har ba su shiga takalmi. Kika dubi inuwa a ƙasa, kika dube ni. Wannan duban ne ya tunzura ni.

Na tsaya a bakin ƙofar nan na faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce Allah ba ya bukatar mai gadi. Na ce mu tara ne, duk mun gaji, ba mai iya faɗa miki ne kawai. Na ce kin raba kanki da ɗiyarki, kina kashe jikinki, kina jan mu a baya kamar awaki. Da na tsaya nan, da sauƙi. Amma sai da na ƙara da cewa, "Ba don shi kike yi ba, Inna. Don kada a ce Ɗelu ta kasa ne."

Kika daɗe kina dubana. Na zaci yau zan ji abin da ban taɓa ji ba. Sai kika ce, a hankali, "Wataƙila da gaskiyarka, Mushe. Shi ya sa nike zuwa, ko ya gyara." Kika juya za ki koma ciki, don ɗakin ba kowa tun da muka fara magana, sai kika waiwayo kika ce, "Sha ruwa kafin ka koma. Randa na nan inda ka sani."

Ban sha ba. Na tura kekena na tafi, ban ƙara taka Madarumfa ba wata huɗu. Ranar Lahadi sai in wuce Maradi in yi ibada can, inda ba wanda zai tambaye ni. Sau biyu kika aiko Garba da busasshen kifi a ƙunshe cikin takardar siminti, ba saƙon baki ko ɗaya. Na karɓa, na ci, ban aika da godiya ba. Kullum ina cewa in an yi hutun lakwal zan je in zauna da ke mu yi magana a tsanake. Hutu saura mako biyu aka zo mini da labarinki.

A wurin zaman makoki Balaraba ta ja ni gefe. Ta dawo daga Jibiya tun watan Mayu don jinyarki. Ba da faɗa ta gaya mini ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce ba a samu wanda ya ɗauki Alhamis ɗina ba. Ke kika ɗauka. Maris, Afrilu, Mayu, tsakiyar bazara, kowace Alhamis daga hantsi har la'asar kina cikin ɗakin nan, sa'a bakwai, da waɗannan ƙafafu. In an tambaye ki ina Mushe, ki ce aiki ya yi masa yawa.

Wannan ne ya hana ni zama, Inna. Momper ya ce mini ciwon zuciya ne, ya daɗe a jikinki, da ni da ba ni zai yi abin da zai yi. Na ji, amma ban huta ba. Abin da ya ƙara dagula mini rai kuma, har yanzu ban tabbata duk abin da na faɗa ranar nan kuskure ne ba. Mun gaji, gaskiya ne. Balaraba ta sha wahala, gaskiya ne. Na juya maganar ta kowace fuska, na kasa raba inda na yi daidai da inda na zalunce ki. Abu ɗaya kawai na tabbatar: maganar ƙarshen nan ba ni da ikon faɗinta. Ban taɓa shiga zuciyarki ba. Mutumin da aka gaya wa irin wannan magana ya amsa yadda kika amsa, ba shi ne wanda na kwatanta ba.

Ranar Lahadin idi, in ji Balaraba, ɗaukarki aka yi aka kai ɗakin, kika zauna jingine da bango aka yi hadaya. Litinin da yamma aka yi ruwan shuka na farko. Talata da sassafe gari ya watse zuwa gona, numfashinki ya fara sarƙewa. Garba ya bar shukarsa ya ɗaura wa jaki amalanke. Kun fita gari kaɗan kika buɗe ido kika ce, "Wa ke ɗaki?" Balaraba ta ce tsohuwa Marta ce. Kika ce, "Marta barci take," kika yi ƴar dariya. Can kuma kika kama hannun Balaraba kika ce, "Ki ce wa Mushe kada ya zo don kunya. In zai zo, ya zo ya zauna." Daga nan ba ki ƙara magana ba.

Alhamis ta farko bayan rasuwarki na hau keke na zo har bakin ƙofar. Na tsaya, na san sarai kunya ce ta kawo ni, na juya na koma Safo. Yau Alhamis ta biyu na sake zuwa. Ban san abin da ya kawo ni ba, kuma na gaji da tambayar kaina. Na shiga na karɓi Marta. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba, ban ma iya haɗa addu'a ɗaya har ƙarshenta ba. Zafi ya dame ni, ƙafata ta yi tsami, na yi kuka, na share, na sake yi. Da ladan ya kira azahar na ɗaga kai ina jiran in ji takunki. Balaraba ce ta shigo, ta durƙusa a tabarmarki ba ta dube ni ba.

Mu takwas muka rage, in an sa ni a lissafi. Balaraba za ta koma ɗakinta a Jibiya bayan kwana arba'in, kuma haka ya kamata. Momper ya ce Lahadi mai zuwa za mu zauna a yanke shawara: ko a ci gaba, ko a rage zaman ya koma na rana kaɗai, ko ya tafi da Jikin Almasihu Maradi. Ya ce wannan karon zai tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da sauran za su ce ba. Ban san abin da ya fi zama daidai ba. Na dai gaya masa duk yadda aka yanke, muddin ɗakin na buɗe, Alhamis tawa ce.

Ya Ubangiji Yesu, ga baiwarka Sesiliya Ɗelu. Ka san zafin bakinta, ka kuma san abin da hannuwanta suka yi a garin nan. Ka gafarta mata kurakuranta, ka hutar da ƙafafunta, ka sa ta cikin haskenka tare da mijinta Ɗan Baba da dukan waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya. Abin da ta gaskata ba ta gani ba, ka nuna mata shi ido da ido.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Balaraba da mijinta da ƴaƴansu, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa albarkarta ta bi ku. Ga danginta na Gabi da suka zo da ƙafa cikin shuka, Allah ya saka. Ga Garba da Maimuna, waɗanda suka yi mata abin da ɗan ciki ke yi wa uwa, ba mu da bakin gode muku. Ga matan Madarumfa da suka cika gidan da kuka, Musulmi da Kirista, wannan rashi namu ne gaba ɗaya. Ga ƴan'uwana na ɗakin sujada, ku ma ku yafe mini wata huɗun nan.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ki yafe mini. Ban zo na roƙe ki kina da rai ba, kuma ba wanda ya hana ni.

Mishel Tanko
Safo, 23 ga Yuni, 1977